Sunan Bashir a jerin gwaji

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo buron nan, wato ofishinmu, bana, kun tambaye ni me ya sa a jerin sunayen da muke gwaji da su, tsakanin "Yaro Ɗaya" da "Yarinya Biyu", akwai suna na gaske, Bashir, da lambar salulata a gabansa. Ɗayanku har ya so ya share shi don jerin ya yi tsabta. Na ce ya bari, zan rubuta muku dalili. To ga shi. Ku yi haƙuri da rubutuna. A ajin yaƙi da jahilci na koye shi, a Zongo, ina da shekara talatin da takwas da ƴaƴa huɗu.

Da shara da dafa shayi na fara a nan, lokacin buron yana ɗaki biyu a saman wani shago a Wadata. Aikin bai canja ba tun lokacin. Muna rubuta porogaram ɗin da ƙananan asibitoci ke amfani da shi don tuna wa iyaye mata ranar allurar rigakafin ƴaƴansu. Malamar asibiti ta shigar da sunan yaro da lambar uwa a tabilet, ranar randebu, wato ranar da aka sa mata ta dawo, ta kusa, saƙo ya tafi da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Wata rana shef ɗinmu, wato shugaban buron, Malam Isufu, ya same ni tsaye da tsintsiya ina karanta wani saƙo a fuskar ordinater, wato kwamfuta, ina girgiza kai. Ya ce me na gani. Na ce ba mace a Yamai da ake yi wa magana haka. Daga ranar aka ba ni kujera. Ni ke karanta saƙonni kafin su fita, ni ke amsa waya in asibiti ya kira da ƙorafi. Yaran buro suna ce mini Tanti.

Sai kuma aikin Litinin, wanda a kansa labarin nan yake.

Rubutun da na'ura ke bi, wanda kuke kira kod, akwai wani porogaram da ke karanta shi layi-layi ba tare da ya kunna shi ba, ya fito da jerin wuraren da yake zaton akwai kuskure. Mu Baba Ƙorafi muke ce masa. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma yawancin gargaɗinsa a wurinmu iri biyu ne, kuma duka na ƙarya.

Na farko a kan guraben saƙo ne. Ba a rubuta wa kowace mace nata saƙon daban. Ɗaya ake rubutawa a bar gurabe: "Sannu maman %s, ki kawo %s allura ranar %d ga wata." Na'ura ce ke cika gurbin suna da suna, na lamba da lamba. In aka ba gurbin lamba suna, saƙon ya lalace. To saƙonninmu suna ajiye a wani wuri daban, kowane harshe da jerin gurabensa, Baba Ƙorafi kuwa ba ya iya bin sawunsu har can. Sai ya yi ta kuka wai gurabe uku ne aka ba su abu biyu, alhali komai daidai yake.

Na biyu a kan akwatin e-ko-a'a ne, wanda kuke kira bulen. Wuri ne a cikin kod da abu biyu kawai ya kamata ya zauna: ɗaya, wato e, ko sifili, wato a'a. Tsohon kod ɗinmu yana da irin waɗannan akwatunan da yawa, an yi su da hannu tun da daɗewa, kuma duk inda Baba Ƙorafi ya gan su sai ya ce ba haka ake yi ba.

Kowace Litinin a buga mini jerin a takarda. Ina da kaye, wato littafin rubutu, mai koren bango, da jan bik na rubutu. Gargaɗin da na taɓa gani, na duba kayen na soke shi. Sabo kuwa na kai wa wanda ya rubuta wurin, ya duba. In ya ce ƙarya ne, na rubuta lambar gargaɗin a kaye, a gabanta na sa kalma ɗaya: ƙarya. Hannuna ba shi da sauri, shi ya sa ban taɓa rubuta dalili ba. Bayan haka mu aika saƙonnin gwaji zuwa salulata, na karanta su, na ce an wuce.

A shekarata ta biyu a kan kujerar, akwai wani mai rubuta kod, Musa, mutumin Tawa, mai yawan dariya. Na je na same shi da wata magana da ta daɗe tana damuna. Na ce, Musa, in yaro ya rasu fa, me ke faruwa da sunansa a ciki?

Ya ce, "Sai malamar asibiti ta mai da akwatin aikawa sifili, Tanti. Saƙo ya tsaya."

Na ce ai sifili a wurinmu na nufin uwar ba ta yarda a riƙa aika mata ba tukuna, kuma duk wata tabilet na tuna wa malama ta sake tambayarta.

Sai na ba shi labarin Bashir, ɗana na uku. Ƙyanda ce ta ɗauke shi yana da shekara ɗaya da wata huɗu, tun ban san ko harafi ɗaya ba. Bayan wata biyu masu zagayen allura suka yi sallama a ƙofarmu a Mawrai, wata yarinya da takarda a hannu ta ce, "Ina Bashir? A fito da shi." Ba laifinta ba ne, abin da ke takardar ta karanta. Ina riƙe da rariya a lokacin.

Washegari Musa ya kira ni. Ya ce, "Tanti, na sa miki biyu. In malama ta danna cewa yaro ya rasu, akwatin zai zama biyu. Ba aikawa, ba tambaya, har abada." Na yi masa addu'a. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda ya ɗaure abin. A wurin da ake yanke shawarar aikawa, ya rubuta cewa a aika in abin da ke akwatin ɗaya ne cif. Litinin ta gaba Baba Ƙorafi ya yi kuka a kan layin, wai akwatin e-ko-a'a ne, tambayar ko ɗaya ne ɓata baki ne, a ce kawai in ba sifili ba ne. Na kai wa Musa takardar. Ya leƙa, ya yi dariya ya ce, "Ƙarya ne, rubuta." Na rubuta. Bai ce mini layin biyun nan ne ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan shekara guda ya samu aiki a Kwatano ya tafi.

Wadda ta gaji teburinsa ita ce Hadiza, ƴar Damagaram, sa'ar babbar ƴata. Ban ga mai taka-tsantsan kamarta a buron nan ba. Ita ce ke shigowa Litinin da safe ta ce, "Tanti, ya jikin mijinki? Yau ma ya tashi da hawan jini?" Baba Ƙorafi take nufi. Na ce mata ai naki ne, ni na tsufa da jin ƙorafi.

Bayan ƙaramar Salla ta waccan shekarar, ƙungiyar da ke ba mu aiki ta turo mai bincike. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya zauna ya kunna Baba Ƙorafi, ya ga gargaɗi fiye da ɗari biyu. Shef ya nuna masa kayena. Ya juya shafi biyu uku, ya mayar mini da hannu biyu, ya ce sabuwar ƙa'idarsu ita ce ba za a karɓi aiki ba sai jerin ya zama babu ko ɗaya.

Hadiza ta ce, "Malam, waɗannan na ƙarya ne. Shekaru abin yana aiki. In muka shiga taɓa layi ɗari biyu don mu faranta wa na'ura rai, a nan ne za mu fasa wani abu."

Ya ce ya fahimta, amma shi takarda zai cike, kuma takardar ba ta da gurbin "na ƙarya ne".

Shef ya kalli Hadiza ya ce, "Ki rufe masa baki kawai. Zuwa Litinin."

Kwana uku ta yi a kan guraben saƙo. Ta sake musu tsari yadda Baba Ƙorafi zai iya ganinsu, ina gefenta ina karanta kowane saƙo da harshe uku. Wannan ya tafi lafiya. Ranar Alhamis ta shiga akwatunan e-ko-a'a. Bayan la'asar, shef da mai binciken suna tsaye a bayanta suna kallon lambar tana raguwa, ta juyo ta ce, "Tanti, na iso akwatin aikawa. Musa ya taɓa gaya miki wani abu a kansa? A kayenki ƙarya kawai aka rubuta."

Wannan ne wurin da nake so ku karanta a hankali. Biyun ya zo mini a rai. Wallahi ya zo. Na buɗe baki. Sai na ga shef yana duba agogo, baƙon yana riƙe da takardarsa, na ce a zuciyata, waɗannan mutane sun yi jami'a, kod ɗin yana gabansu, in akwai biyu ai suna ganinsa, wace ce ni da zan tsayar da su da labarin ɗana da ya rasu shekara ashirin da suka wuce. Na ce, "Ba abin da na sani da ba ku sani ba, ƴata."

Hadiza ba ta iya ganinsa. Biyun yana can a ɓangaren tabilet ɗin asibiti, wurin da ba ta da dalilin buɗewa. Ta gyara layin kamar yadda Baba Ƙorafi ya ce: a aika in ba sifili ba ne. Biyu kuwa ba sifili ba ne.

Litinin jerin ya fito fari fes. Muka yi gwaji, saƙonni suka shigo salulata, Yaro Ɗaya, Yarinya Biyu, duk daidai. A jerin gwajinmu ba mu da yaron da ya rasu. Ba wanda ya taɓa tunanin sa shi, har da ni. Na ce an wuce. Mai binciken ya sa hannu, shef ya aika aka sayo tsire da zoɓon da muke ce wa bisap, aka tura sabon porogaram ɗin.

Saƙonni suna fita ne Talata da ƙarfe takwas na safe. Wajen goma da rabi wayar buro ta yi ƙara, na ɗauka. Madam Zainabu ce, malamar wani ƙaramin asibiti a hayin kogi, mun saba da ita a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

Ta ce, "Tanti, akwai mace zaune a gabana da karne, katin allurar yaro, a hannunta. Ba goyo a bayanta."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Ƴarta ta rasu kafin azumi. Da hannuna na danna a tabilet. Yau kun aika mata ta kawo Nafisa allura."

Na tambaya ko faɗa ta zo yi. Madam Zainabu ta ce, "Da faɗa ta zo da ya fi mini sauƙi. Ba ta iya karatu ba, maƙwabciya ce ta karanta mata. Ta shiga taksi ta zo ta gaya mana wai ƙila ba mu sani ba, kar mu ajiye wa Nafisa allurar, mu ba wani yaron."

Ban tuna yadda na ajiye wayar ba. Na tashi na je teburin Hadiza, na ce mata, ƴata, akwai biyu. Musa ya sa biyu. Ta dube ni, ta juya ga ordinater. Ba ta kai minti goma ba ta gano shi. Ta mayar da layin yadda yake, ta tsayar da sauran saƙonnin makon, sannan ta ƙirga waɗanda suka riga suka tafi. Goma sha ɗaya. Ta faɗi lambar a hankali, ta kifa kanta a kan tebur. Ba ta ce mini me ya sa ba ki faɗa ba. Har ta bar buron nan ba ta taɓa ce mini haka ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Shef ya fito, fuskarsa ta canja. Shi ma uba ne. Ya ce a rubuta saƙon ban haƙuri a aika wa matan nan yanzu, Tanti ta tsara kalmomin.

A duk shekarun da na yi a buron ban taɓa musa masa ba. Ranar na ce, "Shef, ka yi haƙuri. Kar na'urar nan ta ƙara yi wa matan nan magana. Gaisuwar mutuwa da ƙafa ake zuwa."

Ya ce, "Ku je. Ku ɗauki kwanakin da kuke so."

Ni da Hadiza muka je, kwana huɗu muna yawo a Yamai da taksi, malaman asibiti suna kwatanta mana gidaje. Ba zan ba ku labarin duka ba. Wata ba ta ma ga saƙon ba, salular tana hannun mijinta, ya share bai gaya mata ba, ya roƙe mu a ƙofa mu koma haka nan. Wani mutum a Wadata ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Kun gama?" ya rufe ƙofa. Hadiza ta so ta sake ƙwanƙwasawa, na riƙe hannunta. Wata tsohuwa ta yi mana faɗa da Zabarmanci kusan rabin awa a madadin surukarta, muka tsaya muka ji, don gaskiyarta ce.

Maman Nafisa muka je wa a ƙarshe, sunanta Hawa. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai Hadiza ba. Na yi mata gaisuwa, na ce mu ne masu saƙon, kuskurenmu ne, mun zo ta yafe mana.

Ta ce, "Ba komai, Inna. Na ɗauka ba ku sani ba ne."

Hadiza ta ce, "Ni ce na taɓa wurin. Da hannuna."

Na ce a'a, ni ce aka tambaya na yi shiru.

Hawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar ba ta ga amfanin rabon laifin ba. Ta ce, "An ba wani yaron allurar dai?"

Na ce an ba shi. Ban sani ba a lokacin, sai daga baya na kira Madam Zainabu ta tabbatar mini allura ba ta zama da sunan kowa, wanda ya zo shi ake yi wa. Amma abin da take so ta ji ke nan, kuma ya zama gaskiya.

Da za mu tashi ta miƙo mini salularta, ta ce in nuna mata wurin da sunan yake a cikin rubutun. Na nuna mata da yatsa. Sau biyu ya fito, a gurbin farko da na biyu. Ta daɗe tana kallon haruffan. Na tambaya ko in share mata. Ta ce in bari tukuna.

A taksi muna haye gada Hadiza ta yi kuka har direba ya rage rediyo.

Shef bai kori kowa ba. Ya rubuta wa ƙungiyar abin da ya faru, ya sa sunansa shi kaɗai a ƙasa. Gargaɗin Baba Ƙorafi a kan layin ya dawo Litinin ta gaba, kuma mai binciken da kansa ya yarda a bar shi. Daga baya Hadiza ta raba akwatin biyu, ɗaya na yardar uwa, ɗaya na rasuwa, yadda ya kamata a yi tun farko. A saman wurin ta rubuta bayani mai tsawo, kun gan shi, shi ne wanda ya fara da "Kafin ka taɓa nan, je ka sami Tanti." Amma ba ta ƙara tambayata ya jikin mijina ba. Kafin damina ta ƙare ta ce mahaifiyarta na bukatarta a Damagaram. Na raka ta tasha. Muna gaisawa a waya duk Salla, ba ma taɓo maganar.

Ni kuwa na sayi sabon kaye. Na bi tsohon daga shafin farko, kowane "ƙarya" na je na tsaya a kan wanda ya san wurin har ya gaya mini dalili da Hausar da zan gane, na rubuta. Wata biyar na yi. Shi ya sa in kun ce mini "ƙarya ne, Tanti, rubuta", nake jawo kujera in zauna. Ba raina ku na yi ba. Baba Ƙorafi layi kawai yake gani, bai san dalilin da ya sa mutum ya rubuta shi haka ba. Mai kod ma wani lokaci layin kawai yake gani. Dalilin yana wurin wani, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa jin kunyar magana a ɗakin ne. In kun yi tambaya aka ce muku "ba komai" da sauri, ku jira manya su fita, ku sake tambaya.

Kafin Hadiza ta tafi na roƙe ta abu ɗaya. Na ce jerin gwajinmu ba shi da yaron da ya rasu, ta sa ɗaya. Ta fara rubuta "Yaro Tara". Na ce a'a, ki sa Bashir, ki sa lambata. Ta ce, "Tanti, in ya sake ɓaci, ke zai zo wa." Na ce shi ya sa.

To kun ji. Kowace Litinin, bayan saƙonnin gwaji sun gama shigowa na karanta su, kuna ganina ina ajiye salula a kan tebur ina zaune ban ce an wuce ba. Wasunku suna zaton na manta ne, ko barci ya ɗauke ni. Minti biyar nake ba ta. Ina jiran in ji ko za a ce in kawo Bashir. In ba ta yi ƙara ba, sai in ɗauki jan bik in sa hannu.